Gwajin Zinariya da Azurfa a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta: Shaidar Tarihi da ta Kalmomi

1. Gabatarwa

Ko wace ƙasa da a ke ciniki da zinariya ko azurfa, akwai tambaya guda wadda ba ta rabuwa da kasuwa, watau ƙarfen nan da aka miƙo, mene ne a cikinsa? Ido ya kan ga launi, hannu ya kan ji nauyi, amma cikin ƙarfe a rufe ya ke. A ƙasashen da sarki ke da gidan buga kuɗi, hatiminsa shi ke amsa tambayar a madadin jama'a. A Ingila, alal misali, tun shekarar 1300 aka kafa doka cewa kada a sayar da kayan azurfa sai an gwada an sami kashi 925 cikin 1,000 azurfa ce zalla, sa'an nan a buga musu alama.

Ƙasar Hausa kuwa, kafin zuwan Turawa, ba ta da gidan buga kuɗin zinariya ko na azurfa. Sabo da haka ko wane guntun ƙarfe mai daraja da ya shigo kasuwa, ko garin zinariya ne ko karyayyar munduwa, baƙo ne wanda ba shi da mai shaidarsa, sai mai saye ya nemi hujja da kansa. Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun dabarun da aka yi amfani da su wajen neman wannan hujja, a ga inda suka samo asali, kana a duba abin da kalmomin Hausa suka adana na wannan tarihi.

2. Abin da ya sa gwaji ya zama tilas

Tsoron hasara ya isa ya sa ɗan kasuwa ya yi gwaji, amma ga Musulmi akwai wani dalili da ya fi wannan nauyi. Hukunce-hukunce da yawa na mazhabar Malikiyya, wadda a ke bi a ƙasar Hausa, an gina su ne bisa awon zinariya da azurfa. Nisabin zakka dinari 20 ne ko dirhami 200. Mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne ko dirhami 3, haka kuma mafi ƙarancin abin da a ke tsai da haddin sata a kansa. Har wa yau, in za a musanya zinariya da zinariya, ko azurfa da azurfa, sai nauyi ya zo daidai kuma a karɓa hannu da hannu, in ba haka ba an faɗa cikin riba.

Dinarin da a ke nufi shi ne wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 ta Hijira, watau wajen 696 zuwa 697 na Miladiyya, mai nauyin misƙali guda, kimanin giram 4.25. Dirhami 10 kuwa daidai su ke da misƙali 7. Bisa wannan lissafi nisabin zinariya giram 85 ne, na azurfa kuma giram 595. To, in mace tana da mundayen da nauyinsu ya kai haka amma rabinsu jan ƙarfe ne, ko kuwa an ba da sadakin zoben da aka yi wa wankan zinariya kawai, alƙali ba zai iya yanke hukunci ba sai wani masani ya faɗa masa abin da ke cikin ƙarfen. Ashe ke nan aikin maƙeri ya shiga cikin aikin shari'a.

3. Hanyoyi uku da aka gada

Dabarun gwaji da duniya ta sani kafin zamanin injuna sun kasu uku: gwajin dutse, da gwajin ruwa, da gwajin wuta.

Gwajin dutse shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma ya fi yaɗuwa. A kan sami baƙin dutse mai santsi da ɗan kaushi kaɗan, a goga ƙarfen a jikinsa har ya bar zane. A gefen zanen sai a goga wani ƙarfe wanda aka riga aka san tsarkinsa, a gwama launin biyun. Zinariya tsantsa tana barin zane rawaya mai zurfi. Wadda aka surka da azurfa zanenta ya kan yi fari-fari, wadda aka surka da jan ƙarfe kuwa ya kan yi ja-ja. Wani malamin Yunanawa, Tiyofirastus, ya bayyana wannan dutse cikin littafinsa na duwatsu wajen ƙarshen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Mutanen zamanin sun danganta shi da ƙasar Lidiya, cikin Turkiyya ta yanzu, ƙasar da aka fara buga kuɗin ƙarfe. Larabawa suna kiransa mihakku, watau abin gogawa. Raunin wannan hanya shi ne fatar ƙarfe kaɗai ta ke nunawa. Wanda ya lulluɓe dalma da zinariya ya tsere mata, sai fa in an yanka.

Gwajin ruwa ya dogara ne bisa wani abu da ba shi da makawa: ko wane ƙarfe yana da nasa nauyi gwargwadon girmansa. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19.3, dalma sau 11.3, azurfa sau 10.5, jan ƙarfe sau 8.9. In aka rataya guntun zinariya mai giram 100 cikin ruwa aka sake aunawa, zai rage kimanin giram 5.2. In azurfa ce zai rage giram 9.5, in kuwa tagulla ce sai ya rage kusan giram 12. Duk abin da ya faɗo tsakani, an yi surki ke nan. Asalin dabarar a kan jingina shi ga Arkimidas na Sirakusa, a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda aka ce Sarki Hiyero ya sa shi ya bincika kambin da ya ke zargin maƙeri ya yi wa algus. Malaman Musulmi ne suka mai da ita ilmi mai ƙa'ida. Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wani kasko mai bututu domin auna ruwan da ƙarfe ya ture, lissafinsa na zinariya kuwa ya zo kusa ƙwarai da na yau. Bayansa Alhazini ya rubuta Mizanul Hikma a birnin Marwa wajen 1121, inda ya bayyana ma'aunin da aka ƙera musamman domin baitulmalin Sarki Sanjar. Amma wannan hanya tana bukatar ma'auni mai kaifi da lissafi, ga shi kuma ba ta da sauƙi ga garin zinariya, sabo da haka ta fi zama a fada da ɗakin karatu.

Gwajin wuta shi ne alƙalin ƙarshe. A kan auna ɗan guntu daga ƙarfen, a haɗa shi da dalma, a narkar cikin wani ɗan kasko da aka yi da tokar ƙashi, a riƙa hura masa iska. Dalma sai ta ƙone, ta kwashe jan ƙarfe da sauran datti, kaskon ya shanye su, a bar ƙwayar zinariya da azurfa tana ƙyalli. In aka sake aunawa, abin da ya ragu shi ne algus. Raba zinariya da azurfa kuma wani aiki ne dabam: a kan buga ƙarfen ya yi falle-falle, a jera shi da gishiri da garin tubali cikin tukunya, a gasa ba tare da ya narke ba, gishirin ya janye azurfar. Masu tonon kufai sun sami wurin irin wannan aiki a Sardis, babban birnin Lidiya, na ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa. Alhamdani na Yaman ya yi bayanin tace ƙarafan nan biyu cikin littafinsa Aljauharataini a ƙarni na 10.

4. Zinariyar ƙasashen Sudan

Zinariyar da ta ƙetare Sahara ta fito ne daga Bambuk da Bure, a yammacin ƙasar Mali ta da, daga baya kuma daga dazuzzukan Akan, cikin Gana ta yanzu. Yawancinta gari ne da a ke wankowa daga yashi, tana kuma da tsarki ƙwarai tun daga ƙasa. Matsalarta ita ce yashi da baƙin tsakuwa da ke biyo ta, da kuma abin da hannun mutum ya ƙara.

Albakari, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya ce mutanen Tadmakka suna da dinarin zinariya tsantsa wanda ba shi da rubutu ko hatimi. An daɗe a na ɗaukar maganar kamar jita-jitar matafiya, har shekarar 2005, sa'ad da Sam Nixon ya yi tono a kufan garin, wurin da a ke kira Essuk a arewacin Mali. Ya sami gutattsarin maƙerar yumɓu ta zuba kuɗi, da ɗigon zinariya maƙale a jikinsu, na ƙarni na 9 zuwa na 10. Binciken da shi da Thilo Rehren suka buga a 2014 ya nuna cewa maƙeran garin suna narkar da garin zinariya tare da dakakken gilashi, gilashin ya kama yashi da tsakuwa, zinariya ta kwanta ita kaɗai. Abin lura a nan shi ne, kuɗin da ba shi da hatimi ba ya ɗauke wa mai karɓa wahalar gwaji. Ya dai sauƙaƙa awo, amma shaidar tsarki tana nan bisa wuyan 'yan kasuwa.

Ƙasar Hausa ta shiga wannan ciniki ta ƙofa biyu. Ta arewa, Ibn Baɗɗuɗa, wanda ya sauka Takadda a 1353, ya ce a na zuba jan ƙarfe sanda-sanda, masu kauri 400 a misƙalin zinariya guda, sirara kuwa 600 ko 700, a na kuma kai su Gobir da Barno. Ta yamma, Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), su ne kuwa mashahuran fataken zinariya na Mali. Ya kuma ce Sarki Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452) ya buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Lalle goro ne babban abin da ya kai fataken Hausa Gwanja, amma hanyar ta kai su bakin ƙasar da garin zinariya shi ne kuɗinta.

A can ne a ke da cikakken bayanin algus da maganinsa. Willem Bosman, ma'aikacin kamfanin Holanda a Elmina, ya bayyana cikin littafinsa na 1704 yadda a ke narka zinariya da azurfa da jan ƙarfe a yanyanka, da yadda a ke zuba curi mai fatar zinariya da cikin wani ƙarfe, da yadda a ke cuɗa garin zinariya da garin tagulla. Maganin da ya faɗa ba shi da wuya. Babban curi a yanka shi da wuƙa a ga cikinsa. Ƙanana a ɗora su bisa dutse a buga da guduma: zinariya ta kan baje, na ƙarya ya farfashe. Gari kuwa a zuba shi cikin tasa a riƙa hurawa a na girgizawa, mai sauƙi ya tashi, mai nauyi ya zauna. Mutanen Akan da kansu suna da tasar hurawa da baƙin dutsen gogawa cikin kayan awonsu, jiragen Turawa ma su kan ɗauki ƙwararrun 'yan ƙasa aikin duba zinariya. Turawan sun ƙara da ruwan asid na nitirik, wanda ke cinye tagulla da azurfa ya bar zinariya. Duk dabarun nan amfani su ke yi da halin zinariya guda uku: nauyinta, da taushinta, da ƙin tsatsarta.

5. Liyari da maƙeran fari

A cikin ƙasar Hausa kanta, kuɗin yau da kullum wuri ne. Wuri yana da wahalar ƙirga da wahalar ɗauka, amma yana da wata falala da ba a cika ambata ba: ba a surka shi, ba a kuma yi masa wanka. Wanda ya ƙirga ya gama gwaji. Sabo da haka talaka bai bukaci ilmin ƙarfe ba. Masu bukatarsa su ne manyan fatake, da fada, da maƙera.

Maƙeran Hausa sun kasu biyu: maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da makamantansu. Maƙerin fari ba shi da mahaƙar azurfa kusa da shi. Abin da ya ke narkawa shi ne tsofaffin zobba da karyayyun mundaye da kuɗin ƙasashen waje, watau kullum cikin ƙarfen da bai san asalinsa ba ya ke aiki. Gwajin dutse kuwa bai cika kaifi ga azurfa ba, don tana iya ɗaukar jan ƙarfe mai yawa ba ta sake launi sosai ba. Sai ya koma ga kunne da magagari da wuta. Azurfar kirki in an jefa ta bisa dutse ta kan yi ƙara mai tsawo, dalma kuwa sai ta yi tim. In an goga magagari a ga ko cikin ya yi daidai da waje. In an gasa ta ta huce, mai yawan jan ƙarfe ta kan yi baƙi.

Abin da ya sauƙaƙa masa aiki shi ne liyari, watau dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara a jikinsa, ba a sake nauyi ko tsarki ba: giram 28.07, kashi 833 cikin 1,000 azurfa, watau kimanin giram 23.4 na azurfa zalla. Rubutun da ke zagaye da bakinsa ya hana a kankare shi a ɓoye. Bisa wannan lissafi, liyari 25 da ɗoriya sun cika nisabi. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya tarar dala guda tana daidai da wuri 2,500. Liyari ya zama kuɗi, ya zama ado, ya kuma zama abin gwamawa: maƙerin da ke da shi a hannu yana da azurfar da ya san tsarkinta, wadda zai auna sauran da ita.

Zuwan Turawa ya kawo hatimin gwamnati, amma bai kashe gwaji ba. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, a 1913 ta fito da sulalla na azurfa mai tsarki 925. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka koma buga sule da dala da wani gaurayen tagulla. Wannan ya haifi abu biyu. Na farko, tsohon sule ya fi sabo daraja ga maƙeri, ko da ya ke a kasuwa sunansu ɗaya. Na biyu, tun da ƙarfen da ke cikin sabon sule bai kai ko kusa da darajar da aka rubuta masa ba, buga na ƙarya ya zama sana'a mai riba. Har sai da hukuma ta fito da sababbin kuɗi a 1938 masu wani kwari a bakinsu, domin a wahalar da masu zubin ƙarya.

6. Shaidar kalmomi

In aka jera kalmomin wannan fanni, sai a ga ko wace ɗaya tana nuna hanyar da ta biyo. Zinariya daga dinar ta ke, kalmar da Larabci ya aro daga sunan kuɗin Rumawa, dinariyus. Watau sunan kuɗi ne ya zama sunan ƙarfe, kuma haka abin ya ke a Barbarci, inda dinar ke nufin zinariya. Daga baya malamai suka sake aro kalmar daga littafi a siffar dinari, da ma'anar awon shari'a, har Hausa ta sami kalma biyu daga tushe guda. Azurfa kuwa daga azref ta ke, kalmar Buzaye da sauran Barbar na arewa. Hausa ta cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, ta kuma ƙara wani a ƙarshe, kamar yadda ta saba. Kalmar ta nuna cewa ta hamada ƙarfen ya fara isowa.

Misƙali yana da nasa darasi. Harafin Larabci da ke tsakiyar kalmar, mai ɗigo uku, ya kan zama t cikin kalmomin da suka shigo ta bakin 'yan kasuwa, kamar Talata da tamanin, ya kuma zama s cikin waɗanda suka shigo ta karatu, kamar misali. Misƙali yana cikin kashi na biyu, abin da ya dace da matsayinsa cikin littattafan fiƙihu. Liyari daga riyal ya ke, shi kuma daga sunan kuɗin Sifen. Dala ta fito daga bakin Turawa, asalinta kuwa sunan wani kwari ne a ƙasar Bohimiya inda aka buga manyan kuɗin azurfa a farkon ƙarni na 16. A zamanin Ingilishi ta koma nufin sule biyu.

Kalmomin ha'inci ma hawa-hawa su ke. Surki kalmar gida ce, wadda ta shafi nono da ruwa kafin ta shafi ƙarfe. Algus daga Larabci ya ke, algishshu, kalmar malamai masu wa'azin kasuwa. Jabu kuwa ita ce auta: masana harshe suna danganta ta da Ijabu ta ƙasar Yarbawa, wadda ta yi suna wajen zubin kuɗin ƙarya a zamanin sulallan tagulla. Kalma uku, zamani uku.

7. Kammalawa

Abin da wannan bincike ya nuna shi ne, rashin gidan buga kuɗi bai bar kasuwannin Hausa cikin duhu ba. Ya dai sauke nauyin shaida daga kan sarki ya ɗora shi bisa ƙwarewar maƙeri da amanar dillali. Dabarun da suka yi aiki da su tsofaffi ne, sun kuma tsaya bisa halayen ƙarfe na gaskiya, shi ya sa ba su mutu ba. Masu sayen gwal har yanzu suna goga shi bisa baƙin dutse su ɗiga asid. Injin zamani mai haska ƙarfe ya faɗi abin da ke cikinsa yana da raunin da dutsen Lidiya ke da shi, don shi ma fata ya ke karantawa. Gwajin ruwa kuma ya sami abokin gaba, wani ƙarfe mai suna tangistin, wanda nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinariya. In gardama ta yi tsanani, ga wuta da dalma a ke komawa.

Sauran aiki yana wuyan malaman Hausa. Kalmomin maƙeran fari, da sunayen kayan aikinsu, da lafuzzan da su ke bambanta azurfa mai kyau da maras kyau, sun cancanci a tattara su daga bakin masu sana'ar, gari gari, a gwama na Kano da na Katsina da na Damagaram da na Agadas. Malaman kwalejojin horon malamai, waɗanda ɗalibansu suka fito daga ko wane lungu, su suka fi kowa damar yin wannan. Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Maganar ta hau ƙarfe, ta kuma hau abin da a ke faɗi game da tarihinsa.